Yatsan Lawali a Cikin Gilashi

Ku yaran yanzu, da kun gan ni zaune da gilashin kyamara a hannu sai ku ce, "Baba Rabe, ai wannan kowa ma ya iya." Kowa ya iya! Shekaranjiya ɗan maƙwabcina ya ciro wayarsa, ya hura mata iskar baki, ya murza ta a gefen riga, ya ce wai ga aikina nan ya gama shi. Na ce da shi Allah ya shirye ka, tashi ka ba ni wuri. In kuna son ji ku zauna ku ji. In ba ku so, ga hanya nan, ni ban aika a kira kowa ba.

Abin da kuke gani a gaban kyamara kamar gilashi guda, ba guda ba ne. Gilasai ne jere cikin bututun ƙarfe, wani ya yi tozo, wani ya lotsa, wasu manne da juna, kowanne da mazauninsa da inda yake fuskanta. Ka juya ɗaya bayansa ya koma gaba, kyamara za ta rufu lafiya, ta yi ƙararta lafiya, sai an wanko hoto ka ga amarya ba ido ba hanci. A kan kowane gilashi kuma akwai wani shafi mai ɗan shuɗi-shuɗi da maƙeransa suka yi, bai kai ɓawon albasa kauri ba. Shi ke hana haske yawo a ciki. In ka kankare shi, babu mai mayar maka da shi a Maraɗi, babu a Yamai, babu a Kano.

Wurin wani Bayarabe na koya, Baba Lasisi, mai shagon hoto a bakin babbar kasuwa. Mutum ne mai saurin hannu, ba ya faɗa sau biyu. Na daɗe ina yi masa shara da yayyafa ruwa a ƙasa kafin ya yarda in taɓa turnabis, abin kwance ƙusa. Da ya fara ba ni aiki ma ba gilashi ya ba ni ba, gindin kwalba ya miƙo mini in goge. Sai ya ɗaga shi a rana ya duba, in ya ga zane ko dabbare ya sakar mini rankwashi a tsakar ka. Dokarsa ta farko ita ce yatsa ba ya taɓa fuskar gilashi, gefe ake riƙewa. Hannun mutum akwai gishiri da maiƙo ko yanzu ya wanke shi da sabulu. In ka bar sawun yatsa a ciki ka rufe, damina na zuwa fumfuna za ta same shi ta yi abinci da shi, ta fidda zare-zare kamar saƙar gizo, ta ci shafin, ta shiga cin gilashin kansa. In ta kai nan an gama, sai dai yara su ɗauka su riƙa kunna kara da shi a rana.

Da Baba Lasisi ya tsufa ya koma garinsu, ni ban da halin kama shago. Sai na share ɗaki guda a gidana a unguwar Zariya, na shafe shi da siminti har bango, na sa labule mai kauri, na ce ko uwar ƴaƴana ba ta shiga da tsintsiya. Kayan aikina kusan duk ni na haɗa abina. Kamfas ɗin ƴan lekol, na zanen da'ira a makaranta, na goge wa baki da zarto, da shi nake kwance zoben da ke danne gilashi. Tsohon tib ɗin keke nake yankawa in riƙe abin da ya cije. Ƴar robar da mata ke zuƙe wa jarirai majina da ita, ita ce mahurata. Sai tabaron ido guda irin na masu gyaran agogo, da alkol na goge ciwo daga farmasi, da tiren shayi da nake zuba bis, ƴan ƙusoshin murɗawa, a kai, don bis ɗin kyamara bai kai ƙwayar gero ba, in ya faɗi ƙasa ka yi masa addu'a kawai.

Na ga abubuwa a ɗakin nan. An kawo mini gilashin da ya faɗa ƙwaryar fura wurin suna, mai shi ya ɗauraye shi a randa ya shanya a kan danga, ya zo yana rantsuwa shi bai yi masa komai ba. An kawo mini wanda aka ɗura wa man gyaɗa don wai ya yi tauri wurin juyawa, man ya gangara ya manne ƴan ganyayen ƙarfen da ke tsukewa da buɗewa. Na kwana biyu ina wanke su ɗaya bayan ɗaya, ina zagin mai shi a zuci, in ya leƙo in zage shi a fili.

Lokacin da soja suka saki mulki aka ce dimokuraɗiyya ta zo, mu ta zo mana da aiki. Jam'iyyu suka fito kamar kaza ta ƙyanƙyashe, kowane mako miting, kowane ɗan takara na son a ɗauke shi yana ɗaga hannu. Ga masu neman hoton kardante, katin shaidar ɗan ƙasa, sun yi layi. Duk wanda ya samu kyamara ya zama mai hoto. A wurin miting ake ture su, a jefe su, wani ya faɗo daga saman mota da kyamara a wuya, da safe duk suna ƙofar gidana. A shekarun nan na rufe gidana da kwano.

Sai aka wayi gari an karya darajar kuɗinmu sefa. Kai, Allah kada ya maimaita mana. Pelikil, wato fim ɗin da ake sa wa kyamara, da takardar wanke hoto duk daga waje suke zuwa, kuɗinsu ya ninka tun ba a kai azahar ba. Ma'aikata sun yi watanni ba albashi, yau yajin aiki, gobe yajin aiki, lekol a rufe. Wanda bai ci ba ina shi ina hoto? Masu hoto suka watse, wasu suka hau kabu-kabu, wasu suka zauna bakin titi da kwalaben fetur. Alkol ya gagara a farmasi, na koma ina ɗiga shi kamar maganin ido. Damina ba ta yi kyau ba, sannan da zafi ya kama sanƙarau ya shigo gari ya yi ta ɗiba.

Cikin waɗanda ya ɗauka har da Lawali mai hoto. Mutumin Tsibiri ne, kullum safiya ya shigo Maraɗi a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, da yamma ya koma. Kyamararsa ta Jamus ce, ya saya hannun wani Bature malamin lekol da zai koma gida, kuma ban taɓa riƙe gilashi mai kyawunta ba. Abokin wasana ne. Da ya shigo sai ya ce, "Rabe mai tsada, yau kuma gonar wa za a sayar a biya ka?" In ce masa, "Taka, in kana da ita." Kwana kaɗan ciwon ya yi masa. Na je Tsibiri gaisuwa, na tarar da matarsa Rakiya da ƙananan yara da tsohuwarsa, na dawo raina a ɓace.

Damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, wata hantsi na ji sallama. Tsohuwar Lawali ce, Inna Gwamma, ƴar ƙaramar mace duk ta rame, ƙafafunta caɓa-caɓa da laka. Da ƙafa ta zo daga Tsibiri. Rakiya na cikin takaba ba ta fita, shi ya sa tsohuwa ta ɗauko kyamarar da kanta, a ƙunshe cikin zane a cikin ƙwarya. Aka ba ta ruwa ta sha, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina ta ce:

"Ɗana, kai ne Rabe? Lawali na yawan hwaɗinka. Wanga abu muke so mu saida. Akwai wani yaro Sani, mutumin Jiratawa, yana da lambu can, yana da hatsi ajiye. Ya ce zai ba mu abin da zai kai mu kaka. To ya gwada ta, ya ce hoto na hitowa da hazo a tsakiya. Ya ce in an gyara kahin kasuwar Juma'a ya kawo hatsin, in ba a gyara ba akwai wata da zai saya."

Na ce, "Inna, yaran fa, me suke ci?"

Ta ce, "Tafasa da ɗan dussa."

Ban ƙara tambaya ba. Na wanke hannu, na saki labule rabi, na fara kwancewa. Tun a zoben farko na ga an taɓa shi, bakinsa duk a ƙwarzane, aikin wuƙa ne. Nan raina ya fara tashi. Na cire gilashin gaba, lafiya. Na cire na biyu, lafiya. Da na kai na uku, na tsakiya, na ɗaga shi a haske, sai ga sawun babban yatsa ɓaro-ɓaro a tsakiyarsa, fumfuna ta fara fidda zare daga gefensa. Kun san bakina. Na manta da wanda ke zaune, na ce, "Wane shashasha ne ya buɗe wannan da wuƙa, har ya bar mini yatsansa a ciki?"

Tsohuwa ta ce, "Shi ne."

Na ce, "Wa?"

"Lawali. Kahin ciwon ya kama shi da ƴan kwanaki. Na gan shi zaune bisa tabarma gindin bedi, ya baza ƙarahuna. Na ce mi kake yi, ya ce ƙura ta shiga, kuma ba ya son ya kai ma Rabe, don Rabe ba zai karɓi ko dala hannunsa ba in ya ga halin da ake ciki, shi kuwa ya san kai ma kana da iyali."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, bakina ne."

Ba ta kula da haƙurina ba. Ta matso ta ce, "Ka ce yatsansa na ciki? Duba mani da kyau. Akwai tsaga, ta ratsa tsakiya a karkace?"

Na sa tabaro na duba. Ga layukan yatsa sun zagaya, ga kuma wani farin layi ya yanke su daga sama zuwa ƙasa a karkace. Na ce, "Akwai."

Ta ce, "Lauje ne. Yana yaro ya tahi yankan ciyawar akuya. Ni na ɗaure masa da bakin zanena." Sai ta riƙe hannuna, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ɗana, kar ka goge."

Ashe Lawali, da ya ɗauki rabin mutanen Maraɗi da Tsibiri, ba shi da hoto ko ɗaya a gidansa. Na kardantensa ya tafi da takardun da suka ɓace a gidan likita lokacin ciwon. Tufafinsa an yi sadaka da su, mobilet an sayar an ci. Babu abin da ya rage da za a nuna a ce ga jikinsa ya taɓa nan, sai wannan sawun.

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce hazon da Sani ya gani wannan yatsan ne, in ba a goge ba babu ciniki. Kuma ko an fasa cinikin an ajiye, fumfuna ba za ta tsaya ba, kafin damina ta fita ta cinye sawun ta cinye gilashin, a tashi ba yatsa ba hatsi. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kai ne gwani. Ka nemo dabara." Na ce ta ba ni zuwa Juma'a. Ta ƙi komawa Tsibiri ta bar gilashin, sai uwar ƴaƴana ta shimfiɗa mata a ɗakinta.

Dabara ta farko da kowane mai gyara zai yi ita ce musanya: a ba ta gilashin ta tafi da abinta, a sa wani a madadinsa. Na zazzage akwatin matattun kyamarorin da na tara tun zamanin Baba Lasisi. Na samu wani daga kyamarar Rasha, faɗinsu ɗaya har ya zauna daram. Na haɗa, na leƙa, na ga ƙofar gidana ta zama biyu. Faɗi ɗaya ne, amma tozon ba ɗaya ba. Na zagaya duk masu hoton da suka rage a gari, daga kasuwa har tasha, babu mai irin kyamarar Lawali. Wani direban Katsina ya ce zai tambaya mini a can, ya dawo ya ce sun yi masa dariya.

Sai na ce to a ɗauki hoton sawun. Kyamarar da za ta iya wannan aikin ita ce ke kwance gunduwa-gunduwa a kan tirena. Na je wurin wani mai hoto da ke da saura a pelikil ɗin wani biki, na roƙe shi ya ba ni bugu ɗaya na ƙarshe. Muka jingina gilashin a kan baƙin ƙyalle, muka haska shi daga gefe da tocila, ya matso iyakar yadda kyamararsa ke iya matsowa. Da aka wanko, wani farin dabbare ne ya fito kamar an ɗiga koko. Na kai wa Inna Gwamma, ta juya shi, ta miƙo mini abina.

Na tuna yadda aka ce jandarma na ɗaukar sawun ɓarayi da baƙin gari da skoc, salatif ɗin nan mai garai-garai. Ban yarda in fara da gilashin Lawali ba. Na dangwala yatsana a wani mataccen gilashi, na gasa shi a rana ya bushe, na barbaɗa baƙin fitila, na manna skoc na ɗaga. Ya ɗauko rabin sawun a cakuɗe, ya haɗo da shafin gilashin gaba ɗaya. Na wurgar da shi bayan ɗaki. Da na yi wa na Lawali haka, da na kashe musu duka biyun da hannuna.

Ran Juma'a da hantsi Sani ya iso da amalanken shanu, buhunan a kai an rufe su da leda saboda hadari. Ba mugun yaro ba ne. Na fita na gaya masa abin da ake ciki, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Rabe, wallahi na tausaya. Amma hatsin nan na gidanmu ne, da ƙyar babana ya yarda. In na koma da kyamara mai hazo me zan ce masa? An ce zaɓe na tahe, da ita nake so in tashi." Na ce ya ba ni ɗan lokaci. Ya zauna a kan amalankensa.

Na shiga na ce, "Inna, na yi iyakar abin da na sani. Ban samu ba."

Ta ce, "Nuna mani shi."

A ranar ta fara shiga ɗakin aikina. Na ɗaga labule, na sa mata tabaron a ido, na riƙe gilashin a haske ina karkata shi a hankali. Ta daɗe tana leƙe. Ta sauya ido. Sannan ta cire tabaron ta ce, "Ba na ganin komai, ɗana, sai haske. Idon ya tahi. Kai ka hwaɗa mani."

Na faɗa mata. Na ce layukan sun taso daga hagu, sun zagaya tsakiya kamar bakin faifai, sun koma. Na ce tsagar ta fi faɗi a sama, ta tsuke a ƙasa. Na ce ya danna da ƙarfi, don gefen dama ya fi fitowa, da alama gilashin ya so suɓuce masa ya tare shi. Ta ce, "Haka yake, komai da gaggawa." Ta buɗe tafin hannunta. Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa ɗora gilashin tsakiya a hannun wani ba. Na ɗora mata. Ta riƙe shi ba ta rufe hannun ba, bakinta na motsi. A waje saniyar Sani ta yi kuka, iskar hadari ta fara kaɗa ledar da ke kan buhunan.

Ta miƙo mini ta ce, "Goge. Yaran can na baro su ba a ɗora tukunya ba."

Na ce, "Inna, kin tabbata?"

Ta ce, "Kar ka sa in sake hwaɗi."

Na yanko sabon farin ƙyalle, na karkata kwalbar alkol na tsiyaye abin da ya rage a gindinta. Daga tsakiya ake farawa, a zagaya zuwa gefe, hannu ba nauyi. Zagayen farko ya ɗauke tsagar. Na biyu ya ɗauke sauran. Fumfunar ba ta riga ta kama shafin ba, ta bi ƙyalle ta fita. Na ɗaga gilashin a haske na duba ta kowane gefe, ko ɗigo babu, kamar ranar da aka ƙera shi. A duk shekarun da na yi ina aikin nan ban taɓa fidda gilashi tas irin wannan ba, kuma ban taɓa jin ƙin aikin hannuna irin na ranar ba.

Na mayar da kowane gilashi mazauninsa, na ɗaure, na kai wa Sani. Ya leƙa ta ciki ya dubi bishiyar ƙofar gida, ya ce ganye ɗaya-ɗaya yake gani. Ya ce zai kai tsohuwa har Tsibiri da hatsin kafin ruwa ya sauko.

Na koma ɗaki in kira ta, na tarar tana tsaye inda na bar ta, tana lalube a kan tebur. Ta ce, "Ƙyallen da ka goge da shi, kana da bukatarsa?"

Na ce, "A'a, Inna."

Kafin in miƙa mata na dube shi. Alkol ya riga ya bushe, ƙyallen fari fat, babu komai a jikinsa. Ban gaya mata ba. Ta ninke shi ƙanana, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori don ya ɗauru. Muka kama ta ni da Sani muka ɗora a kan buhunan. Amalanke ya juya ya nufi hanyar Tsibiri, hannunta ɗaya riƙe da igiyar buhu, ɗayan a kan ƙullin.